Wanda Ke Riƙe wa Baba Tocila

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zaman kulle? Da fatan kana lafiya. Mu nan yara lafiya lau, har lafiyar ta yi musu yawa. Baban yara ma lafiya, in ban da shagon askinsa da ke rufe da kuma tumbin da ya fara ajiyewa. Baba yana ci yana sha, jiki ba laifi. Kan ne dai sai a hankali.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Waya ba ta da sirri a gidan nan. Ɗaki biyu da falo, mu shida. In na ɗaga waya na ce "Yaya", kafin in rufe baki kunnuwa sun kewaye ni. Ko banɗaki na shiga sai an ƙwanƙwasa. Kai kuma ka ce a kamfanin sabulunku ba a shiga wurin aiki da waya, a ɗakin kwana kuma sai ka leƙa kai ta taga kake samun sabis. Direban da ke kawo sabulunku kantin bakin titinmu ya ce zai riƙa kai maka. Shi ne na rufe ƙofar kicin na ce musu albasa nake yankawa.

Ka san ranar da aka sanar da dokar kulle na je na ɗauko Baba daga ɗakinsa na bayan shago. Na ɗauka 'yan kwanaki ne. To Yaya, Baba bai san da wata annoba ba. Kullum da safe in na faɗa masa sai ya ce, "Subhanallahi, yaushe?" Ya yi jimami, ya yi wa mutane addu'a. Kafin shayinsa ya huce ya manta. Ya sa hula, ya ɗauki makullan shago, ya nufi ƙofa, wai mutane na jiran rediyonsu. Waɗanne mutane? Rabon da wani ya kawo masa gyara kai ma ka sani. Amma tun rasuwar Mama buɗe shagon nan da sharewa da zama a ciki su ne ke riƙe da shi.

Yanzu na zama mai gadi. Ina kulle ƙofa in jefa makulli a gwangwanin madara. Jiya ya murɗa hannun ƙofar, ya murɗa, sannan ya juyo ya ce, "Ke 'yar nan, me na yi miki?" Sai na wuce kicin.

Da can ƙorafina ba na ganin baban yara sai ya dawo a gajiye. Allah ya amsa addu'ata fiye da yadda na roƙa. Yana bina kicin yana koya mini wankin tukunya. Ya aske yara har kawunansu na ƙyalli, ya aske Baba, yanzu ya fara kallon nawa kan. Ina son su duka, Allah ya sani. Amma akwai lokacin da nake so kowa ya ɓace na ɗan lokaci, in zauna in ji ƙarar firij kawai.

Baba yana tambayarka safe da yamma. "Ina Dogo?" In na kira ka na ba shi, ka dai ji yadda yake yi: ya saurara, ya miƙo mini, ya ce wani ne ya ɓata lamba. Ba don in tayar maka da hankali na faɗa ba, ba ni da wanda zan faɗa wa ne.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin albasa, ashe ba duka ƙarya kika yi musu ba. Ina lafiya, na gode Allah. Ki gaishe da Baba da baban yara da sojojinki uku.

Tun da aka ce sabulu na cikin abin da ba za a daina yi ba, suka rufe mu a cikin kamfani, ba shiga ba fita. Mu takwas a ɗaki, gado kan gado. Wanda ke samana in ya fara minshari sai ki rantse janareta aka tayar. Daga inji sai gado, daga gado sai inji. Tafin hannuna duk ya tsattsage saboda sinadari.

Kina kukan mutane sun yi miki yawa. Ni ma a cikin mutane nake, amma ba nawa ba. Ki ba ni hayaniyar gidanki ta yini guda, in ba ki ƙarar firij ta shekara.

Maganar Baba, ina ganin ba titi yake nema ba, hannunsa ne ke neman aiki. Ranar da aka ba da damar fita cefane, ki sa baban yara ya biya shago ya ɗauko akwatin kayan aikinsa, da ƙarfen narka dalma, da tsohuwar rediyon nan mai jikin katako da ke saman kanta. Ki ware masa tebur kusa da taga. Kada a manta da tocila, don ba ya buɗe bayan rediyo sai an haska masa. Ni na san wannan, hannuna ya sha ƙagewa a kanta tun ban kai tsawon teburin ba. In na ɗan karkata kuwa, ranar sai kunnena ya yi zafi.

In ya tambaye ni, ki ce Dogo na hanya.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya hannun? Ka riƙa shafa mai. Mu duka lafiya, sai ƙaramar da ta yi mura ta kwana biyu, har muka tsorata, amma ta warware.

Allah ya yi maka albarka, shawararka ta yi. Da Baba ya ga akwatinsa sai ya zauna ya jera kayan ɗaya bayan ɗaya, ko kallon ƙofa bai yi ba. Sai dai kafin azahar ya gyara rediyon, ta kama magana. Washegari ya kunna ta ya ji lafiyarta ƙalau, ya sa hula ya nufi ƙofa.

To ka ji abin da ƙanwarka ta koma. Kullum da safe in ya shiga wanka, sai in kwance bayan rediyon in tsinke 'yar jar wayar nan ta kusa da batir, in mayar in ɗaure. In ya fito in ce, "Baba, an kawo gyara." Sai ya gyara zama ya ce, "Mutanen nan ba sa kula da kayansu." Ya yi ta bincike, ya bi nan ya bi can, har ya kai ga wurin. In ta yi magana sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu kuma mu yi ta sannu da aiki. Ni da na tashi ana dukan hannuna in na taɓa rediyo, yau ni ce mai lalata ta.

Baban yara ne ke riƙe tocila, tun da ba shi da kan da zai aske. Ga abin dariya. Shekaranjiya Baba na sunkuye, bai ko ɗago ba, ya ce, "Dogo, ɗaga hannunka, yatsana kake haskawa." Baban yara ya dube ni, na dube shi. Sai ya ce, "To Baba." Mutumin da sai ya hau kujera yake sauya ƙwan lantarki, wai shi ne Dogo! Yara suka yi ta birgima a ƙasa. Tun daga nan Dogo kaza, Dogo kaza. Yana yi masa faɗa, yana aikensa ɗauko sukurudireba, in an kawo abinci ya tura masa naman da ke kwanonsa. Ka san baban yara bai tashi da uba ba. Sai ka ga yadda yake tsayawa ƙiƙam da tocilar nan, ko ƙuda ya sauka a hancinsa ba ya motsi.

Ni kuwa na samu kicin ɗina. Ba mai koya mini wankin tukunya. Ina jiyo su daga falo, da ƙaurin dalma, da yaran da suka yi tsit suna jiran rediyo ta yi magana. Har yanzu a gajiye nake kwana, a gajiye nake tashi, amma rabon da in ga gidan nan haka na manta. Wani lokaci har tsoron ranar da za a buɗe gari nake yi.

Tun ranar bai sake tambayarka ba. Ya samu Dogonsa, sai hankalinka ya kwanta.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Salam. Ina lafiya. Ina fata kuna lafiya.

Direba ya zo ya koma sau biyu ban ba shi amsa ba, don ban so in rubuta abin da zan yi nadama. Na karanta layinki na ƙarshe har na haddace. Ya samu Dogonsa. Madalla. Ashe abin da ya rage tsakanina da Baba tocila ce, duk wanda ya riƙe ta ya zama ni. Har kina tsoron a buɗe gari. Na gane, kada na waje ya zo ya ɓata muku tsari.

Ni abin bai ba ni dariya ba. Ina nan a kulle cikin baƙi, abin da nake riƙe da shi kawai shi ne akwai wani tsoho a can da ke tambayata safe da yamma. Shi ma kun raba ni da shi, kuna birgima a ƙasa.

Ba ni da matsala da baban yara, mutumin kirki ne. Amma sunan nan Baba ne ya sa mini, ba riga ba ce da za a ara. In ana amsa masa da ƙarya kullum, ranar da na zo wa zai ce ni ne? Ki gaya wa mijinki ya daina amsawa. In Baba ya kira, a faɗa masa gaskiya: Dogo yana wurin aiki, zai zo. Wannan kaɗai na roƙa.

Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya yanzu. Ka lura na ce yanzu.

Na karanta takardarka a tsaye, na zauna na sake karantawa. Ni da na rubuta don ka samu barci, ashe wuƙa na aika maka. Ban yi gardama ba, kai ne babba. Na gaya wa baban yara. Ya shiga ɗaki ya daɗe.

Washegari Baba ya ce, "Dogo, matso da haske." Ya ce, "Baba, ba Dogo ba ne, mijin Auta ne." Baba ya ɗago ya dube shi tun daga sama har ƙasa. Ya ajiye ƙarfen dalma ya ce, "Ka yi haƙuri, bawan Allah, na sa ka aiki. To ina Dogo?" Muka ce yana wurin aiki. Ya ce wane aiki, yaron da ko makaranta bai gama ba?

Daga ranar bai sake taɓa rediyon ba. In tsinke waya, in ce an kawo gyara, ya ce a jira yaron ya dawo. Abinci sai ya tsakura ya ture. Ya koma bakin ƙofa ya ja kujera ya zauna.

Ranar Talata baban yara ya fita zubar da shara, ya bar ƙofa a sake. Ina wanki a baya. Da na shigo sai kujera, ba Baba. Yaya, ban san na fita ba takalmi ba sai da kwalta ta ƙona ni. Titi wayam, ko kare babu, duk shaguna a rufe, ga motar jami'an tsaro na kewayawa da lasifika. Tsoho mai ciwon suga, ba takunkumi a fuskarsa, a cikin wannan cuta. Na bi layi ina kiran "Baba" kamar mahaukaciya, mutane na leƙena ta taga.

A bakin shagonsa muka same shi, ni da baban yara, zaune a kan dakali, jami'ai biyu tsaye a kansa. Ba su yi masa komai ba, ɗaya ma ruwa ya ba shi. Rahoto yake ba su. Wai ɗansa ya ɓata, yaro ne siriri mai tsawo, ya aike shi sayen dalma tun safe bai dawo ba. Yana roƙonsu su duba asibiti.

Baban yara ya dube ni. Ban ce masa yi ba, ban ce kada ya yi ba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ga ni." Baba ya kama kunnensa ya murɗe, a gaban jami'ai, yana cewa, "Ina ka shiga? Ka san yadda na neme ka?" Sannan ya riƙe hannunsa, bai sake shi ba har gida.

Ka ce an raba ka da mai tambayarka. To ga yadda tambayar take in ana ganinta da ido. Kai kana jin daɗin a ce ana nemanka, ni ke ɗauke kwanon da ba a ci ba. Mun killace shi a ɗaki muna auna zafin jikinsa safe da yamma, Allah ya rufa asiri bai ɗauko komai ba. Baban yara ya koma amsawa, kuma ba zan sake hana shi ba. In za ka yi fushi ka yi, na gaji.

Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Direba ya ce ya bar takardata a bakin ƙofar kamfani, bai gan ka ba. Wayarka a kashe. In fushi ne, ka aiko ko da layi ɗaya ne ka zage ni, in san kana numfashi. Na san na yi zafi a waccan takardar. Ban janye ba, amma ban so ta zama ta ƙarshe ba.

Baba lafiya, ya koma aikinsa. An ce za a sassauta doka. Maƙwabta har da guɗa. Baban yara ya fito da injinan askinsa yana sa musu mai, yara na neman takalman makaranta da suka matse su. Abin da na yi ta roƙo ke nan, gidan ya koma nawa. Amma ina ta kallon teburin nan na bakin taga. In kowa ya fita, wa zai riƙe tocilar? Na gwada rannan, ya ce in koma kicin kada dalma ta ƙona ni.

Ka yi magana, don Allah.

Ƙanwarka

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Ina raye. Ba fushi ba ne. Mai minsharin nan ne ya fara zazzaɓi, sai ni, sai ɗakin gaba ɗaya. Suka kwashe mu zuwa wani gini a bayan kamfani, kayanmu da wayoyinmu suka rage a ɗaki a kulle. Na sha wuya amma na tashi, sai ƙamshi da har yanzu ba na ji, wanda a kamfanin sabulu ba asara ba ce. Mai minsharin bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Yanzu shirun ɗakin ne ke hana ni barci.

Takardunki biyu tare aka ba ni. Na karanta ta farko na kasa cin abinci. Na sa a layinki abin da ba ki rubuta ba, kuma Baba ne ya biya. Ki ba baban yara haƙuri, ki ce ya ci gaba da amsawa, da izinin mai sunan.

Da an buɗe hanya ina tafe. Ina da yaƙinin waya ce ke rikita shi. In ya gan ni tsaye a gabansa, da tsawon nan da ya sa mini suna saboda shi, zai gane ni. Ki tanadi hayaniyar da na ce ki ara mini.

Yayanki

*

Auta,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, na koma bakin inji. Ya gajiyar baƙo? Ki gaishe da yara, ki ce kawunsu ya ji hayaniyar, ta ishe shi guzuri.

Kin ga na taho ban yi doguwar sallama ba, har kika bi ni bakin titi kina tambayar ko wani abu ne. Gaskiyarki, gidanki ba a magana a ɓoye. Ga abin da ya faru lokacin da kike kicin.

Kin dai ga shigata. Na cire takunkumi, na tsaya a gabansa, na ce, "Baba." Ya dube ni da fara'a ya ce, "Sannu da zuwa, me aka kawo?" Kika juya kika shige, na san dalili. Baban yara ya miƙe da sauri ya miƙo mini tocilar, har da ɗan sunkuyawa. Na karɓa. Hannuna ya tuna wurin da kansa, daidai kafaɗar Baba ta hagu. Sai Baba ya ce, "A'a, ba a sa baƙo aiki. Dogo, karɓi abinka." Na mayar masa. Aka ba ni kujerar masu jiran gyara na zauna.

Na yi niyyar in tashi in fita. Sai Baba ya aiki baban yara ɗauko ruwa. Da ya ga ya fita, ya matso kusa da ni ya rage murya, ya ce, "Ka ga yaron nan? Ɗana ne. Tun yana ƙarami yake riƙe mini haske, hannunsa ya gaji ba zai ce ya gaji ba. Duk abin da na gyara a shagon nan da shi na gyara. Ina yi masa faɗa ne kawai, amma ban da kamarsa." Na ce, "Ka taɓa faɗa masa?" Ya ce, "Haba, a faɗa wa yaro? Sai ya lalace."

Auta, na yi furfura ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Na zauna ina kallon bayan rediyo har ta yi magana, aka yi sannu da aiki, ni ma na yi. Ban iya cin abincinki ba, ki yi haƙuri.

Baban yara ya raka ni tasha. Ya ce ba zai riƙa buɗe shago ba sai bayan azahar, in an gama gyara. Ni kuma na ce masa tumbin ya karɓe shi.

Na ga idonki, na ga yadda kika rame. Duk hutun da na samu zan zo. Ranar ki sa takalmi ki fita, ki je duk inda ba mai kiran sunanki, ni zan zauna da shi.

Direba zai ba ki kwali tare da wannan takarda. Wata 'yar rediyo ce na saya a tasha, na buɗe ta na tsinke waya a inda zai daɗe yana nema. Ki ce masa ta dogon mutumin nan ce da ya zo rannan, kuma da kansa zai zo karɓa. Tun da baƙo yake gaya wa irin wannan magana, zan riƙa zuwa a baƙon.

Yayanki